Yadda Ake Duba Lafiyar Aljihun Kamfanin Fasaha Kafin a Sayi Hannun Jarinsa

A watan Disamba na 2021, uwar kamfanin MTN da ke Afirka ta Kudu ta fito da hannun jari miliyan 575 na reshenta na Najeriya ta sayar wa jama'a, kowanne a kan naira 169. Da guda 20 ma ana iya shiga, kuma ta waya ake saye, shi ya sa mutane sama da 120,000 suka saya, akasarinsu ba su taɓa leƙa kasuwar hannun jari ba. Hujjarsu ita ce abin da ido ke gani: kowa na sa kati, kowa na sayen data, daga Legas har ƙauyukan bakin iyaka. Kuma ba su yi kuskure a nan ba. Kuɗin shigar kamfanin ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 2 a 2022 zuwa tiriliyan 2.47 a 2023, ya kai tiriliyan 3.36 a 2024. Sai dai a shekaru biyun nan na ƙarshe asara kamfanin ya tafka, biliyan 137 a 2023, biliyan 400 a 2024, rabon riba kuma ya tsaya. Ciniki na hawa, asara na hawa, duk a gida ɗaya. Hanyar da hakan ya faru a rubuce take cikin rahotannin kamfanin tun kafin ya faru, a shafukan da mafi yawan masu saye ba su taɓa buɗewa ba.

Abin da nake so mai karatu ya iya shi ne bin sawun kuɗi: ta ina suke shigowa, nawa ke saura bayan an biya kowa, wa ke bin kamfanin bashi, kuma da wane irin kuɗi za a biya shi. Ba sai ka zama akanta ba. Haƙuri ake buƙata, da biro da takarda.

Da farko ka nemo takardun. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ne ya riƙa fitar da rahoton kuɗinsa a kai a kai, da kuma babban rahoton shekara wanda masu binciken kuɗi na waje suka tantance. Na Najeriya suna shafin kasuwar NGX da shafin kamfanin kansa. Na Amurka suna rumbun EDGAR na hukumar kula da kasuwar can, kyauta ne. Rahoton shekara na kamfanonin gida sunansa 10-K, na baƙi kuma 20-F. Wanda ke Nijar zai duba shafin kasuwar BRVM ta Abijan, inda Sonatel yake, na Gana kuma zai tarar da MTN Ghana a kasuwar Akara. Ka sauke na shekaru uku aƙalla, biyar sun fi, domin shekara ɗaya ba ta nuna inda aka dosa. Ka kuma lura cewa ranar fitar da sakamako takardu iri biyu ake saki. Akwai ta 'yan jarida, mai launi da zane-zane, wadda shugabanni suka zaɓi abin da suke so a gani. Akwai kuma cikakken lissafi mai ɗauke da bayanan ƙarin haske a bayansa. Na biyun ne abin karantawa.

Ni ina ganin daga rahoton masu binciken kuɗi ya kamata a fara. Shafi uku ne ko huɗu. Ka duba ko sun sa hannu ba tare da togaciya ba, ko sun nuna shakku a kan ɗorewar kamfanin, da kuma batutuwan da suka ce sun fi ba su wahala wajen bincike, domin a nan ne lissafin ya fi dogara ga ƙiyasin shugabanni. Sa hannunsu dai mafi ƙarancin abin da ake nema ne, ba lamuni ba ne. Kamfanin biyan kuɗi na Jamus, Wirecard, ya shiga sahun manyan kamfanoni 30 na ƙasar a 2018, kuma masu bincikensa na EY sun shafe shekaru suna sa hannu. A watan Yunin 2020 suka ƙi, aka gano cewa Yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna ajiye a bankunan Filifins babu su, cikin mako guda kamfanin ya durƙushe. Jaridar Financial Times ta yi shekaru tana nuna cewa lissafin bai haɗu ba. Idan ka ga ana ta ɗage ranar fitar da rahoto, ko an sauya masu bincike ba dalili, ko shugaban sashen kuɗi ya ajiye aiki kwatsam, ka dakata da saye har sai ƙura ta lafa.

Daga nan sai kuɗin shiga. Tambayar farko ita ce me kamfanin ke sayarwa a zahiri, kuma wa ke biya. Kuɗin da ke dawowa duk wata, irin na data ko na rajistar manhaja, ya fi na kwangila ɗaya da ba a san ko za ta maimaitu ba. Kamfanin da rabin cinikinsa ke hannun abokan hulɗa biyu ko uku yana cikin haɗari ko da yana cin riba, kuma ƙa'ida ta tilasta masa ya bayyana hakan. Sannan kamfanonin fasaha suna da alƙaluman da suka ƙirƙira wa kansu. Jumia, wanda ya faro a Legas a 2012 ya shiga kasuwar New York a Afrilun 2019, yana yawan tallata jimillar kayan da aka saya ta dandalinsa, abin da yake kira GMV. A 2023 wannan adadi ya kai kusan dala miliyan 750, amma kuɗin shigarsa na ainihi dala miliyan 186 ne, domin mafi yawan kuɗin na masu kayan ne, shi lada kawai yake ɗauka. Wanda ya rikita su biyun ya ninka girman kamfanin sau huɗu a zuciyarsa.

Ga mai jari a Najeriya akwai wani tarkon. Kuɗin shigar MTN ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari a 2024, abin da ya yi kama da gagarumin ci gaba. Amma hauhawar farashi a Disamban wannan shekara ta kai kashi 34.8. Idan ka cire wannan daga wancan, ɗan abin da ya rage shi ne ci gaban gaskiya. Saboda haka kada ka tsaya a kan naira. Ka duba yawan masu amfani da layin, da yawan datar da suke ci, da matsakaicin abin da kowane mutum ke kashewa a wata, ka ga wanne ne ke tura cinikin.

Bayan ciniki sai abin da ke saura. Ka cire kuɗin samar da haja kai tsaye daga kuɗin shiga, ka ga kashi nawa ya rage. Wannan ya bambanta ƙwarai da nau'in sana'a. Microsoft na riƙe kusan kashi 70, domin sayar wa mutum na miliyan ɗaya manhaja ba ya cin wani ƙarin kuɗi mai yawa. A Apple, na'urori suna barin ƙasa da kashi 40, hidimomin intanet kuma sama da 70. Don haka ba a gwada kamfanin manhaja da na sadarwa ko na kai kaya. Ana gwada kamfani da takwaransa, MTN da Airtel Africa misali, ko a gwada shi da kansa a shekarun baya. Kason da ke raguwa shekara bayan shekara alama ce ta cewa ko gasa ta tsananta, ko tsadar aiki ta fi ƙarfin farashinsa.

A nan ne za ka ci karo da EBITDA, adadin da shugabannin kamfanonin fasaha suka fi ƙauna. Riba ce kafin a cire kuɗin ruwa, da haraji, da raguwar darajar kayan aiki. Yana da amfani wajen ganin ko ainihin sana'ar tana tafiya, amma ka yi hattara da shi. Injinan sadarwa suna tsufa, 3G ta ba 4G wuri, 4G na ba 5G, kuma kowane sauyi kuɗi ne na gaske. Lasisin 5G kaɗai MTN ya ci shi a gwanjon Disamban 2021 a kan dala miliyan 273.6. Bugu da ƙari, tun daga 2019 ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IFRS 16 ta sa ana rubuta hayar dogon zango tamkar bashi, sai wani babban kaso na hayar turakun sadarwa ya koma ƙasan EBITDA, ba a ganinsa a ciki. Kamfani zai iya nuna kashi 40 ko 50 a wannan layi, alhali hayar da zai biya ta cinye kaso mai tsoka. Kamfanonin Amurka kuma suna da wata al'ada: suna biyan ma'aikata wani ɓangare na albashi da hannun jari, sannan su cire shi daga lissafi su ce ai ba tsabar kuɗi ba ne. Albashi ne, kuma kai mai jari kake biyansa, domin duk sabon hannun jarin da aka buga yana rage rabonka. Ka mayar da shi cikin kashe-kashe ka sake lissafi.

Yanzu ga takardar da na fi ba muhimmanci, wato ta shige da ficen tsabar kuɗi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san cewa littafi kan nuna riba alhali aljihun tebur wayam, idan rabin atamfar bashi aka ɗauka. Haka kamfani yake. Takardar riba da asara tana rubuta ciniki ranar da aka yi shi, ko an biya ko ba a biya ba. Takardar tsabar kuɗi kuwa abin da ya shiga banki da abin da ya fita kawai ta sani. Ka nemo kuɗin da ayyukan yau da kullum suka samar, ka cire abin da aka kashe wajen sayen injina da lasisi, ka cire hayar da aka biya, wadda galibi take can ƙasa a sashen bashi. Abin da ya rage shi ne kuɗin da kamfani zai iya rage bashi da su ko ya raba wa masu jari ba tare da ya ciwo wani ba. Ka jera wannan adadi kusa da ribar da aka sanar, na shekaru biyar. Idan suna tafiya tare, madalla. Idan riba na hawa tsabar kuɗi na tsaye, ka je ka duba basussukan da kamfanin ke bin mutane. Kamfanonin sadarwa na Najeriya sun yi shekaru suna bin bankuna kuɗin USSD, ciniki ne da aka rubuta amma kuɗinsa suka daɗe ba su zo hannu ba. Bashin da ake bin abokan ciniki idan ya fi ciniki saurin ƙaruwa, akwai magana.

Lamarin kan juya ta ɗaya gefen ma. Amazon bai ci ribar cikakkiyar shekara ba sai a 2003, kuma ya daɗe bayan nan ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma yana karɓar kuɗin mai saye nan take, ya biya masu kawo kaya bayan makonni, sai tsabar kuɗi ke taruwa a hannunsa. Asara a takarda ba kullum ce alamar ciwo ba. Ga kamfanin da ke asara, lissafin da za ka yi mai sauƙi ne: nawa ke asusunsa, nawa yake ƙonawa a shekara. A ce yana da dala miliyan 120, yana ƙona miliyan 80, to shekara ɗaya da rabi gare shi kafin ya nemi bashi ko ya buga sabon hannun jari. Jumia ya sayar da hannun jarinsa kan dala 14.50 lokacin da ya shiga kasuwa, cikin makonni farashin ya doshi dala 50, a Maris na 2020 ya faɗo ƙasa da dala 3. Ya rayu ne ta hanyar sayar da sabon hannun jari a 2020 da 2021 da kuma 2024, kowane karo yana ƙara yawan masu rabo. Saboda haka ka riƙa rubuta yawan hannun jarin kamfani duk shekara, kamar yadda kake rubuta ribarsa.

Mu koma ga MTN, domin a takarda ta uku, ta kadarori da basussuka, amsar take. Kamfanin naira yake karɓa, amma wani babban ɓangare na abin da ake binsa yana ɗaure da dala: hayar turakun sadarwa da yake biyan kamfanoni irin su IHS, da rancen waje, da kuɗin kayan da ya shigo da su. A ƙarshen 2022 dala tana kusan naira 461 a farashin hukuma. A Yunin 2023 aka sake wa naira mara, ta kai 907 a ƙarshen shekarar, ta wuce 1,500 a ƙarshen 2024. Bashin dala ɗaya da aka rubuta naira 461 ya koma ninki uku da ɗoriya, ba tare da an ciwo ko sisi ba. Asarar canji ta kai naira biliyan 740 a 2023, ta wuce biliyan 900 a 2024. Ta cinye ribar shekarun, ta cinye wadda aka tara a baya, har basussukan kamfanin suka zarce kadarorinsa da naira biliyan 458 a ƙarshen 2024. Dokar kamfanoni ba ta yarda a raba riba ba sai daga ribar da ta taru, shi ya sa rabon ya tsaya.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne cewa ana iya hango shi. A bayanan ƙarin haske na kowane rahoton shekara akwai jadawalin da ke rarraba basussuka bisa nau'in kuɗi, da wani da ke nuna nawa riba za ta ragu idan naira ta faɗi da wani kaso. Ƙa'ida ce ta wajabta su. A farkon 2023 kowa ya san farashin dala a kasuwar canji ta Wapa ya zarce na hukuma nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗauki wancan jadawali ya sa farashin kasuwa a ciki, da ya ga girman ramin. Wannan aikin minti talatin ne, kuma shi ne mafi amfanin abin da mai jari a ƙasa mai raunin kuɗi zai yi.

Amma karatun bai ƙare a nan ba, domin wanda ya ga asarar ya sayar a firgice shi ma rabin takardar ya karanta. Tambaya ta gaba ita ce ko ciwon na sana'ar ne ko na canji. A duk tsawon lokacin ayyukan kamfanin sun ci gaba da samar da tsabar kuɗi, masu layinsa sun haura miliyan 80, kuma wani kaso mai yawa na asarar sake ƙiyasta bashin da za a biya cikin shekaru ne, ba kuɗin da suka fita rana ɗaya ba. A Agustan 2024 ya sake yarjejeniyar haya da IHS, aka rage kason dala. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50. A watanni ukun farko na 2025 ya ci ribar sama da naira biliyan 130. Kamfanin da ke da ciniki mai ƙarfi da bashi mai nauyi yana iya miƙewa idan an sassauta bashin. Wanda ba shi da bashi amma sana'arsa ba ta taɓa biyan kanta ba, matsalarsa ta fi zurfi, ko da takardarsa ta fi tsabta a ido.

Kafin ka bar shafin bashi, ka duba abubuwa biyu. Yaushe za a biya, domin bashin da wa'adinsa ke cika cikin watanni 12 ya kamata a gwada shi da tsabar kuɗin da ke hannu. Sannan kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai bin kasuwa. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'auninsa daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a ƙarshen 2024, kuma duk mai rancen da ke bin kasuwa ya ji a jikinsa. Ka raba ribar aiki da kuɗin ruwan shekara; idan ba ta ninka shi sau biyu ba, ƙaramar girgiza za ta iya kayar da kamfanin.

Can wajen ƙarshen rahoto akwai sashen shari'o'i da tarar da ka iya faɗowa. Kada ka tsallake shi, musamman ga kamfanin da ke aiki da lasisin gwamnati. A 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.1 marasa rajista, kafin a daidaita a kan biliyan 330 a 2016. Kusa da shi za ka ga mu'amalar kamfani da makusantansa, wato kuɗin da yake biyan uwar kamfani ko kamfanonin daraktocinsa. Ka kuma san wa ke da ta cewa. Uwar MTN ce ke riƙe da sama da kashi 70 na reshen Najeriya. A Meta, mai Facebook da WhatsApp, akwai hannun jari iri biyu, kuma Mark Zuckerberg ne ke da rinjayen ƙuri'a shi kaɗai. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, amma ƙaramin mai jari ya san cewa fasinja ne, bai kamata ya shiga ba sai ya yarda da direba.

Ga Musulmin da ke son jarinsa ya dace da shari'a, waɗannan takardu su ne dai kayan aikinsa. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain ya shardanta sana'ar ta zama halal, bashi mai kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, haka ma ajiya mai kuɗin ruwa, kuɗin shiga na haram kuma kada ya wuce kashi 5, a kuma fitar da wannan kaso daga rabon da aka karɓa a sadakar. A kasuwar Legas akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da ke tattara kamfanonin da suka tsallake irin wannan tantancewa. Tun da darajar kasuwa na hawa da sauka, kamfanin da ya cika sharaɗi bana zai iya fita baɗi, sai an riƙa sake dubawa.

Saura farashi, wanda tambaya ce daban da lafiya. A Maris na 2000 Cisco kamfani ne mai riba da ɗimbin tsabar kuɗi, har ya ɗan zama mafi daraja a duniya, hannun jarinsa kusan dala 80. Kamfanin bai mutu ba, ya ci gaba da cin riba, amma wanda ya saya a lokacin ya yi sama da shekaru 20 farashin bai dawo ba. Ka raba farashin hannun jari da ribar da kowanne ya samu a shekara. Idan amsar 25 ce, kowace naira 100 da ka zuba naira 4 take haifarwa a yanzu. Ka gwada wannan da abin da sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya ke bayarwa, wanda na farkonsa a 2017 ya biya kashi 16.47, ka tambayi kanka nawa ribar kamfanin za ta ƙaru, kuma cikin shekaru nawa, kafin ta cike wannan tazara. Idan amsar tana buƙatar ribar ta ninka sau huɗu ba tare da naira ta sake faɗuwa ba, ka rubuta farashin da lissafinka ya yarda da shi, ka ba dillalinka umarnin saye a kan wannan adadi, ka jira rahoton wata uku mai zuwa.